Albasa, Jibda da Aska: Kwanakina da Littafin Kawu a Maraɗi

Da wuya ka sami Bakatsine na asali da ba shi da dangi a Maraɗi, ko ya san su ko bai san su ba. Tun da jama'ar Shehu suka ci Katsina a 1807, sarakunan Haɓe suka yi arewa, har Ɗan Kasawa ya kafa gadon sarautarsu a bakin gulbi wajen 1819, ake ta auratayya da kai-da-komo tsakanin garuruwan biyu. Har gobe Sarkin Katsina ake ce wa mai Maraɗi. Mu ta wajen uwa muka haɗa jini da su. Wan mahaifiyarmu yana can, tsohon malamin lakwal ne, wato makarantar boko, duk unguwa Mushe suke ce masa, wato malam da Faransanci. Labari ya iske mu cewa an yi masa aikin yanar ido, aka ce ni zan je dubiya.

Hanyar ba ta da tsawo, kilomita 90 ce ko kusa da haka. Ka bi ta Jibiya, ka tsallaka iyaka, ka faɗa Ɗan Isa, daga nan sai gonakin gero da itatuwan gawo har cikin gari. Na canja nairata zuwa sefa, na koma lissafi da dala da jika, ɗan kabu-kabu ya sauke ni a ƙofar gida. Garin da ake gani yau a kan tudu yake, don tsohon garin da ke cikin fadama ambaliyar 1945 ta cinye shi, shi ya sa titunan suke miƙaƙƙu, baƙo ba ya ɓata.

Na tarar da Kawu a zaure, ido ɗaya a rufe da bandeji, yana faɗa da kowa. Ciwon bai dame shi ba kamar dokar likita da ta hana shi karatu. Muka gaisa, ya tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, na sha fura, sannan ya ce, "To yaro, tun da ka taho da idanu biyu lahiya lau, aiki ya same ka." Ya sa aka jawo wata akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin gado. A ciki akwai wani ƙaton littafin Faransanci mai hotunan zane-zanen mutanen da, gara ta ɗan lashi bangonsa. Faransancina na tsince-tsince ne. Ina karantawa ina kakkarya kalmomi, shi yana gyarawa yana fassarawa, don ya kusa haddace littafin.

Babin da ya zaɓa a kan ƙofofi biyar ne da ɗan Adam yake sanin duniya ta cikinsu: ido, kunne, hanci, harshe da fatar jiki. Tun zamanin Aristotal Girkawa suka tsayar da lissafin a biyar, Larabawa da Turawa suka gada. Shi kuwa mai zane ido kaɗai yake iya yi wa magana. Ƙamshi ba ya zanuwa, zaƙi ba ya zanuwa, amon ganga ma haka. To ta yaya za ka sa mai kallon allo ya gane hanci kake nufi? Shekaru ɗaruruwa masu zane suka yi suna kokawa da wannan tambaya.

Mafi tsufa a jerin masu haɗa ƙofofin biyar wani faifan azurfa ne da ake maƙale mayafi da shi, wanda aka ƙera a Ingila a ƙarshen ƙarni na 9, yana gidan tarihin Birtaniya da ke Landan. Faɗinsa santimita 11 da 'yan kai. Maƙerin ya sa mutum biyar a ciki. Na tsakiya ya zazzaro manyan idanu, wani ya kai hannu baki, wani ya kara hannu a kunne, wani yana murza tafukansa, na ƙarshe ya maida hannu baya ya tsaya tsakanin tsirrai biyu. Ko ɗan yaye ya gani zai gane. Bayan haka aka koma aron dabbobi. A bangon wata hasumiya da ake kira Longthorpe, ita ma a Ingila, wajen 1330 an zana wata ƙafar keke mai dabbobi biyar a gefenta: biri na ɗanɗano, aladen daji na ji, zakara na gani, gizo-gizo a cikin yanarsa na taɓawa, ungulu na sansana. Wani mahauci maƙwabcin Kawu da ya shigo gaisuwa ya ce sam bai yarda da na ungulu ba. Shekarunsa nawa a mayanka, ya san ungulu daga sama take hango abinci, ta kuma lura da inda 'yan uwanta suke sauka. Gaskiyarsa. Ungulayen Afirka da na Turai da ido suke farauta, masu bin wari a nahiyar Amurka suke. Masu zanen sun kwafo ne daga littattafan dabbobi na zamaninsu, babu wanda ya je mayanka ya tsaya.

Inda Kawu ya fi daɗewa shi ne kan wasu dardumomin bango guda shida da ke gidan tarihin Cluny a Faris. Su ya taɓa gani da idonsa, lokacin da aka tura su ƙaro ilimi Faransa. Ya ce ɗakin da duhu-duhu, don kada haske ya kashe launin. An saƙa su da ulu da siliki wajen shekarar 1500. Kowace jar ƙasa gare ta, cike da ƙananan furanni da zomaye da tsuntsaye, a tsakiya ga wata mace 'yar manyan gida, zaki a gefe ɗaya, ɗaya gefen kuma wata dabbar tatsuniya, farin doki mai ƙaho guda a goshi. A ta ɗanɗano tana ɗaukar alewa daga kwanon da baiwarta ta riƙe, tsirya na kan hannunta. A ta ji tana kaɗa wani abin kiɗa mai bututu, baiwar tana yi masa zuga-zugi. A ta gani dokin ya ɗora ƙafafun gaba a cinyarta yana kallon fuskarsa a madubi. A ta taɓawa ta kama ƙahon da hannu. A ta sansana tana kitsa furanni, ga biri a bayanta ya saci ɗaya ya kai hanci. Birin nan ne ya fi burge ni, don shi kaɗai ne yake sansana wani abu da gaske. Ita uwargidan fuskarta ba ta motsa ba a duka shidan.

Ta shida ce ake ta gardama a kanta har yau. Tana tsaye a ƙofar wata shuɗiyar hema da aka rubuta wa "A mon seul désir", wato muradina ni kaɗai, hannunta riƙe da sarƙar wuya a bakin wani ɗan akwati. Ɗauka take ko mayarwa? Kawu ba ya ko shakka. "Mayarwa take. Dubi wuyanta, babu komi. Ta gama da biyar ɗin nan, saura zucciya." Sai ya jawo aya ta 36 a Suratul Isra'i, inda aka ce ji da gani da zuciya duk abin tambaya ne. Masana da yawa a kan fahimtarsa suke. Ni dai na lura cewa wanda ya biya kuɗin saƙar bai bar duniya ba, don tambarin gidansu, jinjirin wata uku a kan shuɗin layi, yana kan kowace tuta da ke cikin dardumomin. Jinjirin watan nan ya taɓa ruɗar mutane a ƙarni na 19, har aka yi ta cewa na Yarima Jem ne, ɗan Sarkin Turkawa da ya ci Istanbul a 1453, wanda aka taɓa tsarewa a wannan yanki na Faransa. Daga baya aka tabbatar tambarin gidan Le Viste ne, mutanen birnin Lyon. An tsinci dardumomin a wani tsohon gidan sarauta a Boussac, danshi da ɓeraye sun fara ci, gidan tarihin ya saye su a 1882.

Da Kawu ya ga abin ya kama ni, sai ya ƙirƙiro mini wani aiki. Ya ce duk inda aka aike ni cikin gari in ɗauki hotunan a waya in nuna wa masu sana'a, in dawo masa da abin da suka ce.

Na raka Inna, matar Kawu, babbar kasuwa sayen kayan turaren wuta na wata amarya. Layin masu turare tun daga nesa yake sanar da kansa: hawi, farce, gajiji, sandal, kwalaben humra jere a kan tire. Na nuna wa Hajiyar da ke auna mana zanen hanci na Jan Brueghel da Rubens, ɗaya daga cikin alluna biyar da suka yi tare a birnin Antwerp a 1617 da 1618, waɗanda yanzu suke gidan tarihin Prado a Madrid. Lambu ne mai irin tsirrai sama da 80, mace na zaune a tsakiya, ga tukwanen tatsar turare a gefe. Hajiya ba ta kula furannin ba. Ta buɗa hoton da yatsu biyu, ta tsaya kan wata dabba da ta naɗe a ƙasa. "Wagga ai juda ce. Ashe su ma sun san jibda?" Sun san ta ƙwarai. A wancan ƙarni masu turaren Turai da tsada suke sayenta, har a Amsterdam ana kiwon juda a keji ana kankare jibdar daga jakar da ke ƙarƙashin wutsiyarta. Hajiya ta ce tsantsarta ba ta shaƙuwa, sai an tsarma ta kaɗan take riƙe ƙamshi a tufa. A 2022 gidan tarihin ya yi wani baje koli inda aka haɗa ƙamshi goma na abubuwan da ke cikin zanen, har da jibdar da safar hannu ta fata mai turaren ambar, mutum ya kalla ya kuma shaƙa. Da na gaya mata haka sai ta yi dariya, ta ce ashe dai zanen bai isa ba sai da suka nemo masu turare.

Da dare a majalisar ƙofar gida, ana zagaya shayi, na nuna sauran allunan huɗu ga wani Alhaji abokin Kawu, ɗan kasuwa irin na Maraɗi da ya fara da gyaɗa ya koma kayan transit. A littafin Kawu ya riga ya liƙa 'yan guntayen takarda a jikin matan tun yana koyarwa, saboda ba su cika sutura ba, ni ma na rufe da babban yatsa. A allon gani an cika ɗaki da zane-zane da gumaka da madubin hangen nesa da taswirar duniya. A na ji ga garaya irin tasu, sarewa, ƙaho, agogo iri-iri, bindigogi. A na ɗanɗano tebur ya cika da dawisu da kifi da naman farauta. A na taɓawa sulke da kwalkwali ne jibge. Alhaji ya yi ta bi da yatsa yana ƙirgawa, can ya ce, "Mushe, wanga ba zane ba ne, takardar kaya ce. Mai dukiya ya sa anka rubuta mai abin da ya mallaka." Bai yi nisa da gaskiya ba. Hoton Albert da Isabella, masu mulkin ƙasar a lokacin, yana cikin allon gani, fadojinsu kuma suna leƙowa ta baya. Aikin hannun ba a magana, kowace fure sai ka rantse za ta tsinku. Amma na kalli allon ɗanɗano har na gaji, miyau bai tsinke mini ba.

A majema na sami wanda ya tsinka. Na je ne neman gafaka. Jar akuyar Maraɗi ta yi suna saboda fatarta, mai laushi da ƙarfi, irin wadda fatake suka riƙa haurawa da ita Sahara har Turawa suka sa mata sunan Maroko, inda suke sayenta. Kafin ta zama abin sha'awa sai ta bi ta ramukan majema. A jiƙa ta a ruwan toka gashi ya saki, a kankare, a tsoma ta a ruwan bagaruwa ta jemu, a shafa mai, a rina da karan dafi. Warin wurin ya tare ni tun ban ga ramukan ba, na toshe hanci da hula, yaran da ke aiki suna ta yi mini dariya.

Tsohon da ke kula da wurin na nuna wa zanen Ribera, ɗan Sifaniya da ya yi nasa biyar ɗin a birnin Rum wajen 1615, yana saurayi. Da ya zo kan hanci bai nemi lambu ba. Ya samo wani talaka mai tsumma da buzu-buzun gemu, ya ba shi albasa da aka raba biyu, hawaye na gangaro masa. A kan tebur ga wata albasar, ga tafarnuwa, ga ɗan reshen furen lemo da mutumin bai ko kalla ba. Tsohon ya kai wayar kusa da fuska, ya yamutsa hanci, ya ce, "Kai! Wanga ya san aiki. Ta Galmi ce, mai yaji." Ni ma idona sai da ya yi ƙaiƙayi. A nan na tsayar da ra'ayina, kuma ban sauya ba: duk cikin masu zanen nan waɗanda suka ci nasara su ne waɗanda suka bar jera alamomi suka zana abin da jiki yake yi in abu ya same shi. Fure a hannun kyakkyawa sai an fassara maka. Hawayen albasa kowa ya taɓa yi.

Na taɓawar Ribera, wanda ke wani gidan tarihi a Kalifoniya, makaho ne yake lalubar kan wani gunki na dutse da yatsunsa. A kan teburin ga wani zanen fuska a yashe, ba shi da amfani a wurinsa. Mai zane ne da kansa yake faɗin iyakar sana'arsa, kuma ba kowa ke da wannan ƙarfin hali ba. Badukun da ya sayar mini da gafakar ya ce shi bai ga abin mamaki ba. Ya jawo fatu biyu masu launi ɗaya, ya kau da kai yana magana da wani, ya murza kowace tsakanin yatsu, ya miƙo mini ɗaya ya ce wannan ta tunkiya ce, kada in yarda a sayar mini ita da sunan akuya. Na murza, na sake murzawa, ban ji bambanci ba.

Kawu yana da ƙorafi ɗaya a kan littafin nasa: duk Afirka Masar kaɗai aka sa. Abin da aka sa ɗin dai yana da daɗi. Akwai zanen walima daga kabarin wani ma'aikaci mai suna Nebamun, wajen shekara 1350 kafin haihuwar Annabi Isa, baƙi na shaƙar furen bado, kowa da curin turare a ka, mata na busa da tafi. Akwai kuma allunan dutse da aka sassaƙa wa kunnuwa zalla, wani biyu, wani gommai, wai don abin bautarsu ya ji roƙo. Amma ina kawunan yumɓu na Nok, masu shekaru sama da 2000, da aka huda musu ƙwayar ido da hanci da baki? Ina na Bura da aka gano a yammacin Nijar a 1975? Ina raƙuman dawan Dabous a arewacin Agadas, wanda babbarsu ta haura mita 5, ga wani layi ya fito daga bakinta ya sauka kan ɗan ƙaramin mutum? Haka ya yi ta lissafi yana buga sanda a ƙasa.

Ranar Juma'a na bi ta ƙofar fada. Zanen da ke fuskar ginin babu mutum babu dabba, sai layuka da kusurwoyi da launi. Magina da dukawa da maɗinkan ƙasar Hausa ba su ɗauki hanyar zana mai shaƙa ko mai saurare ba, kuma addini ya ƙara nisanta su da surar mai rai. Ƙawarsu a jikin abin da ake amfani da shi take. Da dogarai suka fito cikin ja da kore, aka busa kakaki, algaita ta karɓa, dawaki suka wuce da kayan fata da azurfa suna ƙara, turare na tashi daga manyan riguna, ban ga wurin da za a rataya allo ba.

Da la'asar wanzamin Kawu ya zo yi masa aski, ya shimfiɗa zabirarsa, Alhaji da mahauci suna nan. Dama shi na ajiye wa Rembrandt. Yana da shekara 18 ko 19, a garinsu Leiden da ke Holan, wajen 1624, ya yi nasa jerin a kan ƙananan alluna, kuma duk tsiya ya zana. Na gani, ɗan koli ne yake sayar wa tsofaffi tabarau, kana ganin idonsa ka san cuta zai yi. Na ji, mutum uku ne suke waƙa a hasken kyandir, ba alamar muryoyin sun haɗu. Na taɓawa, wanzami ne yake yanka wani a gefen kai, mutumin ya dunƙule hannu ya cije baki. A ƙasarsu a da akwai masu da'awar cire dutsen wauta daga kan mutum, su ɓoye tsakuwa a hannu su nuna wa dangi.

Baba wanzami ya ajiye aska ya karɓi wayar. Ya daɗe yana dubawa. "Mai zanen ya taɓa zama gaban wanzami," in ji shi. "Dubi hannun. Haka suka yi duka in aska ta shiga. Amma shi mai yankan ba ɗan gado ba ne. Wa ka aiki da dare da hitila? Kuma ba wanda ya riƙe mai kai." Na nuna masa na hanci, inda wani saurayi ya suma, an naɗe masa hannun riga, wata tsohuwa na kara masa tsumma a hanci, mai aikin ya yi tsuru-tsuru. Ya ce wannan jini aka ɗiba masa da yunwa a ciki, shi ba ya yi wa kowa ƙaho sai ya tambaya ko ya karya.

Wannan allo na hanci ya daɗe a ɓace. A 2015 ya ɓullo a wani ɗan gidan gwanjo a New Jersey ta Amurka, daga kayan da wasu magada suka kwaso a ɗakin ƙasa, ya yi dauɗa, babu wanda ya san na waye. An yi masa ƙiyasin dala 500 zuwa 800 na Amurka. Wasu dillalan Turai suka gane hannun, suka yi ta tayi ta waya har ya tsaya a 870,000. Da aka wanke shi sai ga haruffan sunan Rembrandt. Alhaji ya sa aka buga masa lissafin, ya haura sefa miliyan 500 a canjin lokacin. Ya ajiye kofin shayi.

"Huɗu ka hwaɗi. Ina na biyar?"

Na ce na ɗanɗano har yau ba a gan shi ba.

"Girmanshi hwa?"

Na ce sauran dai kimanin santimita 21 ne da 17, a kan katako.

Ya ce in rubuta masa a takarda, da sunan mai zanen, in kuma tura masa hotunan huɗun ta WhatsApp. Yana da yara a Lome da Kwatano da suke kwance kwantenonin gwanjo daga Turai kowane wata, kuma tsofaffin firam da suke zuwa cikin kayan gida har yanzu a kilo suke sayar da su.